Me ya sa masu kula da tsofaffi ba sa daɗewa a aiki, kuma yaya za a riƙe su?

Tambaya: Ni ce ke shugabantar wani gidan kula da tsofaffi mai gadaje 40. A bara na ɗauki sababbin ma'aikata 14, yanzu saura 5 a cikinsu. Masu gidan suna cewa in ƙara yawan talla, ko in riƙa ɗauko ma'aikata ta hannun kamfanin dillanci, ko kuma mu nemo daga ƙasashen waje. Wanne ya fi a cikin ukun, kuma ta yaya zan sami waɗanda za su zauna?

Amsa: Malama, alƙaluman da kika kawo sun riga sun ba da rabin amsar. Wanda ya iya ɗaukar mutum 14 a shekara guda ba shi da matsalar samun ma'aikata, matsalarsa ita ce mutum 9 da suka fita. Shawarwari ukun da masu gidan suka ba ki duk hanyoyi ne na ƙara zuba ruwa, alhali tulun ne yake yoyo. Saboda haka, kafin ki kashe ko sisi a kan talla, ki ɗauki takarda ki jera sunayen waɗannan mutum 9, a gaban kowane suna ki rubuta ranar da ya fara, da ranar da ya bari, da ɓangaren da ya yi aiki, da sunan wanda yake shugabantarsa kai tsaye, da kuma inda ya koma idan kin sani. A shekarun da na yi ina wannan aiki, da wuya in ga an yi wannan jeri bai tona wani abu ba. Galibi sai a tarar yawancin masu tafiya sun tafi ne kafin su cika wata uku, kuma sau da yawa sai a ga sun fito daga ɓangare ɗaya ko daga ƙarƙashin mutum ɗaya.

Ba ke kaɗai ba ce a cikin wannan hali, kuma sanin haka zai taimaka miki wajen magana da masu gidan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 1.4 a 2030, sannan biliyan 2.1 a 2050, ga shi kuma masu ƙarfin yin aikin kula da su ba sa ƙaruwa da irin wannan saurin. A Ingila, ƙungiyar Skills for Care, mai tattara alƙaluman ma'aikatan kulawa, ta ƙirga guraben aiki kusan 165,000 da ba kowa a kansu a fannin kula da manya a shekarar 2021 zuwa 2022, kuma a lokacin kusan mutum uku cikin goma ne ke barin wurin aikinsu duk shekara. A Amurka, wani bincike da mujallar Health Affairs ta buga a 2021, wanda ya dogara da takardun albashi na dubban gidajen jinyar tsofaffi, ya gano cewa a matsakaicin gida yawan sauyin ma'aikatan jinya a shekara ya kai kashi 94 cikin 100. Amma abin da ya fi jan hankalina a alƙaluman Ingila shi ne cewa fiye da rabin waɗanda ake ɗauka sabo daga wani wurin kula da manya suke tasowa. Ma'ana, da yawa daga cikin masu tafiya ba tsofaffin suka guda ba, ba kuma aikin suka tsana ba, wurin suka bari suka koma wani. Wannan labari ne mai daɗi gare ki, domin yawan tsofaffin duniya ba a hannunki yake ba, amma yanayin gidanki a hannunki yake.

Masu gida sukan fi jin maganar kuɗi, don haka ki yi musu lissafi. Duk mutumin da ya tafi, akwai kuɗin talla, da lokacin da aka ɓata ana ganawa da masu nema, da binciken tarihinsu, da kayan aiki, da makonnin da sabon ma'aikaci yake karɓar albashi alhali bai fara ɗaukar cikakken nauyi ba, da kuɗin ƙarin lokaci da ake biyan waɗanda suka toshe gurbinsa. Ki tattara wannan na mutum ɗaya daga littattafanku, ki ninka sau 9, ki ajiye musu a gaba. Sai dai akwai asarar da ba ta shiga littafi, kuma ita ce ta fi ciwo. Tsohuwar da gigin tsufa ya kama ba za ta iya gaya wa baƙuwar fuska cewa ba a taɓa ta kafaɗar hagu ba, ko cewa idan ta fara murza bakin zanenta fitsari take ji, ko cewa ba ta yarda a cire mata kaya sai an rufa mata tawul tukuna. Wannan ilimi a kan ma'aikaciyar da ta yi wata takwas tare da ita yake, kuma ranar da ta ajiye aiki da shi take fita. Abin da ke biyo baya shi ne faɗuwa, da gyambon kwanciya, da rama, da ciwon mafitsara da ba a lura da shi ba sai ya kai ga asibiti.

Game da ɗauka kuwa, ra'ayina shi ne a rage gaggawa. Na san yadda abin yake idan jadawalin mako mai zuwa yana da giɓi uku, zuciya takan ce duk wanda ya zo a karɓa. Amma wanda aka ɗauka da gaggawa shi ne yake tafiya da gaggawa, kuma ya bar giɓin inda yake, har da ƙarin gajiya a kan waɗanda suka koya masa aiki. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce ta bakin ma'aikatan da kike da su. Ma'aikaciya ba za ta kawo ƙawarta wurin da ita kanta take shirin bari ba, ba kuma za ta kawo malalaciyar da za ta bar mata aiki ba, sannan wadda aka kawo ta riga ta ji gaskiyar aikin kafin ta zo. Idan za ki ba da tukuici ga wadda ta kawo, ki raba shi biyu, kashi ɗaya ranar farawa, sauran bayan sabuwar ta cika wata shida. Ki kuma buɗe ido ga waɗanda talla ba ta cika isa gare su ba: mace mai shekara 45 ko 50 da ta yi jinyar mahaifiyarta har ta rasu, namijin da sana'arsa ta mutu yana neman wata, mai aikin shara ko wanki a cikin gidan naki da kika lura tana tsayawa ta yi hira da tsofaffi. Ƙungiyar OECD, ta haɗin gwiwar tattalin arziki da ta ƙunshi galibi ƙasashe masu arziki, ta nuna a rahotonta na 2020 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na masu wannan aiki a ƙasashenta mata ne, ga shi kuwa akwai dattawan da sun fi sakin jiki idan namiji ne zai yi musu wanka.

A wurin ganawa, kada ki ƙawata aikin. Ki faɗa musu a fili cewa akwai sauya ƙunzugun manya, akwai amai, akwai wanda zai zage ka yau ya manta gobe, akwai aikin dare da na ranakun hutu, akwai mutuwa. Idan doka da mazauna gidan sun yarda, ki bar mai nema ya yi rabin yini yana bin wata ma'aikaciya yana kallo, domin gani ya kori ji, kuma wanda ya janye a wannan mataki ya yi muku alheri ku duka. Tambayar "me ya sa kike son wannan aiki" ba ta da amfani sosai, kowa ya haddace amsarta. Ki tambaye ta ta ba ki labarin ranar da ta kula da wani wanda ba ya son a kula da shi, ki saurari yadda take ambaton mutumin. Ni nakan shigo da mai nema ta falon da tsofaffi suke zaune da gangan, in ɗan ja baya in ga ko za ta gaishe su, ko za ta rusuna daidai fuskar wanda ke kan keken guragu, ko kuwa za ta wuce su kamar kujeru. Ana koya wa mutum yadda ake juya majiyyaci a cikin mako guda, amma ban taɓa ganin an koya wa babba tausayi ba. Binciken tarihi da kiran wuraren da ya yi aiki a baya kuwa ba abin da ake tsallakewa ba ne ko da an matsu, tunda mutanen da za a damƙa masa ba za su iya kare kansu ba.

Inda ake asarar yawancin ma'aikata shi ne watanni ukun farko, kuma a nan zan daɗe, domin ni ma na taɓa yin wannan kuskure. A wani gida da na shugabanta, mun ɗauki wata matashiya mai natsuwa, wadda kowa ya yaba da ita a ganawa. A rana ta huɗu wadda aka haɗa su ta kira ta ce ba ta da lafiya, ni kuma na duba jadawali na ga ba kowa, sai na ce wa sabuwar ta riƙe ɗakuna shida zuwa azahar. Ƙarfe bakwai na safe ta shiga wurin wani dattijo mai ciwon mantuwa da ruwan wanka, ba wanda ya gaya mata cewa ba a tunkararsa ta baya, kuma sai an fara nuna masa hoton 'ya'yansa an ambaci sunayensu kafin a taɓa shi. Ya firgita, ya kai mata hannu, ruwan ya zube, ƙararrawar ɗaki na gaba tana ta kaɗawa. Na same ta a ɗakin wanki tana goge hawaye da gefen riga, na ce mata ta yi haƙuri, haka aikin yake. Ta gama makon ba ta ce komai ba, ranar Litinin ba ta dawo ba. Na daɗe ina cewa ba ta da juriya, sai daga baya na yarda cewa ni ne na kore ta da jimla ɗaya da jadawali ɗaya.

Abin da na koya daga nan shi ne, sabon ma'aikaci ba ya shiga lissafin jadawali a makonni biyun farko, ƙari ne shi a kan adadin da ake buƙata, ko da sama za ta faɗo. A haɗa shi da mutum ɗaya tsayayye, ba duk wanda aka samu a ranar ba, kuma wannan mai koyarwa a zaɓe shi don halinsa, a rage masa nauyi, a ba shi ɗan alawus, domin koyarwa aiki ce. A fara masa da mazauna kaɗan, a ba shi taƙaitaccen bayanin kowannensu: sunan da yake so a kira shi da shi, sana'ar da ya yi, abin da ke tayar masa da hankali da abin da ke kwantar da shi. Ke kuma da kanki ki zauna da shi minti goma a ƙarshen ranar farko, da ƙarshen makon farko, da cikar wata ɗaya, da wata uku, ki tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala da abin da aka gaya masa wanda ya tarar ba haka ba ne. Horon aji yana da muhimmanci, amma kada ki ɗauka mafi ƙarancin abin da doka ta nema shi ne isasshe. A Amurka, dokar tarayya da ta samo asali daga gyaran 1987 ta tsayar da awa 75 kacal a matsayin mafi ƙarancin horon mataimakan jinya, kuma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin shawo kan mai ciwon mantuwa da tsakar dare ya san awa 75 ba ta kai mutum ko'ina.

Sai batun albashi, wanda ba zan kewaye shi ba. Akwai masu ba da shawara da ke cewa ma'aikatan kulawa ba don kuɗi suke aiki ba, godiya suke so. Wannan magana rabin gaskiya ce, kuma ana fakewa da ita a ci gumin mutane. Rahoton OECD da na ambata ya nuna cewa matsakaicin abin da ma'aikacin kula da tsofaffi ke samu a awa ya kai kusan Yuro 9, alhali takwaransa mai irin aikinsa a asibiti yana samun kusan Yuro 14. Muddin kanti ko masana'anta za su biya daidai ko fiye, ba tare da ɗaga mutum ko wanke shi ba, to za a ci gaba da fita. Ƙasashen da suka ɗauki abin da gaske ta nan suka taɓa. A Ostireliya, bayan hukumar bincike ta musamman kan kula da tsofaffi da aka kafa a 2018 ta miƙa rahotonta na ƙarshe a 2021, hukumar da ke tsayar da albashi ta ƙara wa masu kula da tsofaffi kai tsaye kashi 15 cikin 100 daga tsakiyar 2023. A Jamus, tun daga Satumban 2022 ba a amincewa da gidan kula da tsofaffi a tsarin inshorar kulawa sai yana biyan albashi daidai da matakin yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago. Ke ba gwamnati ba ce, amma akwai abin da ke hannunki. Albashi ya fito ranar da aka ce zai fito. Awannin ƙarin lokaci su fito cif, kada ma'aikaciya ta riƙa zarya ofis tana roƙon haƙƙinta. A sami bambanci, ko kaɗan ne, tsakanin wadda ta shekara biyar da wadda ta zo jiya, domin babu abin da ke kashe gwiwar tsohon ma'aikaci irin ya gano albashinsa ɗaya da wanda yake koya wa aiki. Shi ya sa ba na son kuɗin maraba mai tsoka da ake ba sababbi don jawo su: yana jawo masu tsalle daga gida zuwa gida, yana kuma ɓata ran waɗanda suka riƙe gidan tun farko.

Bayan albashi, abin da ya fi korar mutane shi ne jadawali. Yawancin ma'aikatanki suna da 'ya'ya ko iyayen da su ma suke kulawa da su, kuma macen da ba ta san ko za ta yi aiki ranar Asabar ba sai daren Juma'a ba za ta iya tsara rayuwarta ba. Ki fitar da jadawali aƙalla makonni huɗu kafin lokaci, ki raba dare da ranakun hutu da adalci yadda kowa zai gani, ki bar su su yi musaya a tsakaninsu bisa ƙa'ida mai sauƙi. Ki kuma kula da wani tarko da kusan kowane shugaba yake faɗawa: idan aka sami giɓi, wadda ba ta taɓa cewa a'a ita ake kira. Ana kiran ta ranar hutunta sau ɗaya, sau biyu, sau goma, har ranar da za ta kawo takardar ajiye aiki, a yi ta mamaki wai mafi kirkinsu ce ta tafi. Yawan hannu ma yana cikin wannan. Ostireliya ta wajabta matsakaicin minti 200 na kulawa ga kowane mazauni a rana daga Oktoban 2023, ta ɗaga shi zuwa 215 bayan shekara guda, ta kuma wajabta kasancewar cikakkiyar nas a gida dare da rana. Ko dokar ƙasarki ba ta ce haka ba, ki lissafa naki mintocin ki gani. Mutumin kirki yana jure gajiya, abin da ba ya jurewa shi ne ya koma gida kullum da sanin cewa ya bar tsohuwa cikin jiƙaƙƙen zane minti arba'in saboda hannunsa biyu ne kawai.

Jikinsu ma amana ne. Ciwon baya da na kafaɗa suna cikin manyan abubuwan da ke raba mataimakan jinya da aikinsu, kuma masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun ba da shawarar kada mutum ya ɗaga nauyin majiyyaci da ya wuce kimanin kilo 16 da hannunsa. Babu babban mutumin da bai ninka wannan ba. Na'urar ɗaga mutum da ta lalace aka jingine ta a lungu wata biyu saƙo ce ga ma'aikata game da darajarsu, kuma sun karanta shi.

Yanzu ki koma kan jerin nan da na ce ki yi, ki dubi layin sunayen shugabanni. Mai kula da ɓangare, ko nas ɗin da ke jagorantar karɓa-karɓa, ita ce fuskar gidan a wurin ƙaramin ma'aikaci, kuma galibi an ɗaga ta ne don ta iya jinya, ba wanda ya koya mata riƙon mutane. Idan tana yi wa na ƙasa tsawa a gaban mazauna da danginsu, ko tana da 'yan gaban goshi, to duk gyaran da kika yi a sama zai tsiyaye ta nan. Ki horar da ita, ki sa yawan waɗanda suka zauna a ƙarƙashinta ya zama cikin abin da ake auna aikinta da shi, idan kuma ta ƙi gyaruwa ki sauke ta ko da ta fi kowa daɗewa. Haka nan ki duba lokacin miƙa aiki: shin ana jin bakin mai kulawa, ko nas ce kaɗai ke magana? Wadda take yi wa mutum wanka kullum ita ce ta fara ganin jan da ya fito a ƙugunsa, ita ce ta san bai ƙarasa ruwansa ba kwana biyu. Idan ta faɗa aka share, sau biyu kawai za ta faɗa. A Holan, wani ma'aikacin jinya mai suna Jos de Blok ya kafa ƙungiyar jinya mai suna Buurtzorg a 2006 a kan tsarin ƙananan rukunoni da ba su wuce mutum 12 ba, waɗanda suke tsara jadawalinsu da ziyarce-ziyarcensu da kansu, kuma ƙungiyar ta yi suna wajen gamsuwar ma'aikatanta. Jinyar gida-gida suke yi, kuma yawancinsu ƙwararrun nas ne, don haka ba abin kwafa kai tsaye ba ne, amma za ki iya aron ƙashin bayansa: ki tsayar da rukuni ɗaya a kan mazauna ɗaya maimakon juya su kowane mako, ki bar musu ikon yanke ƙananan shawarwari.

Akwai nauyi biyu da ba a cika magana a kansu ba. Na farko shi ne mutuwa. Ma'aikaciya ta shekara uku tana ciyar da mutum, ya rasu da asuba, kafin la'asar an ce ta gyara gadon saboda wani na zuwa. Ki ba ta minti kaɗan ta zauna, ki yi mata ta'aziyya kamar yadda za ki yi wa dangi, idan iyalan sun yarda ki bar ta ta halarci jana'iza. Na biyu shi ne cin mutunci. Wanda ciwo ya juya wa hankali ba a kama shi da laifi, amma wannan ba ya nufin a ce wa wadda aka mara ko aka taɓa ta inda bai dace ba ta yi shiru. A rubuta abin da ya faru, a binciki abin da ya tayar da shi, a sauya tsari, a shiga ɗakin mutum biyu idan ya kama. Dangin da suke da cikakken hankali kuwa, waɗanda suke zuwa sau ɗaya a wata su huce laifin da suke ji a kan ma'aikaciya, ke ce za ki tare su, kuma ma'aikatanki su ga kin tare su.

Masu gidan za su iya cewa idan aka kashe kuɗi aka horar da mutum zai tafi da ilimin. Wasu za su tafi, babu shakka. Amma wadda ta ga matakala a gabanta, daga mai kulawa zuwa mai koyar da sababbi, zuwa ƙwararriya a kan ciwon mantuwa ko kula da masu jinyar ajali, zuwa shugabar ɓangare, ko har karatun nas, tana ba ki shekaru kafin ta tafi, kuma idan ta tafi ita ce take turo miki wasu. Ba kowa ne ke son shugabanci ba, don haka a sami matakin da ake hawa ba tare da an bar gefen gado ba.

Na dawo kan sauran shawarwari biyun. Kamfanin dillanci magani ne na ranar da aka rasa yadda za a yi, yana da tsada, kuma yana kawo fuskokin da mazauna ba su sani ba, sannan naki ma'aikatan suna ganin ana biyan baƙo fiye da su alhali su ke nuna masa inda komai yake. Ya fi miki ki tara ƙaramin rukuninki na masu cike giɓi daga tsofaffin ma'aikatanki da suka yi ritaya ko masu son aikin 'yan kwanaki. Ɗauko ma'aikata daga waje kuwa yana iya yin amfani, amma ba gajeriyar hanya ba ce. Japan ta fara karɓar masu kulawa daga Indunusiya a 2008, Filifin a 2009 da Biyetnam a 2014, ta kuma tarar cewa harshe da jarrabawar ƙasa da ake yi da Japananci su ne babban shinge, har sai da aka zuba kuɗi da lokaci a koyarwa. Birtaniya ta buɗe bizar masu kulawa a Fabrairun 2022, mutane suka yi ta kwarara, sai ga rahotannin dillalai da suka karɓi maƙudan kuɗi a hannun masu zuwa, da kamfanonin da suka kawo mutane babu aikin ba su. An soke wa ɗaruruwan kamfanoni lasisin ɗauko ma'aikata daga waje, an hana zuwa da iyali a Maris 2024, sannan a Yulin 2025 aka rufe ƙofar ga sababbin masu nema daga waje. Gidan da ya jingina gaba ɗaya da wannan hanya ya wayi gari doka ta sauya a ƙarƙashinsa. Idan za ku bi ta, ku tabbata ma'aikaci bai biya kowa kuɗin samun aiki ba, wanda shi ne ƙa'idar da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta shimfiɗa tun 1997, kada a riƙe fasfon kowa, ku tanadi masauki da koyon harshe, ku kuma shirya mazauna da tsofaffin ma'aikata kafin baƙin su iso. Ki sani kuma cewa wanda bizarsa ke ɗaure da gidanki yana iya zama don ba shi da mafita, kuma irin wannan zaman ba ya nuna cewa an gyara komai.

A wannan makon, ki kira waɗanda suka tafi a waya, ko ki sa wani da ba shugabansu ba ya kira, domin bayan wata biyu da tafiya mutum ya fi faɗin gaskiya fiye da ranar da yake miƙa makulli yana neman takardar shaida. Sannan ki zauna da mutum biyar ɗin da suka rage, ɗaya bayan ɗaya, ba a ofishinki ba, ki tambayi kowacce abin da ya riƙe ta har yau, da ranar ƙarshe da ta yi tunanin tafiya da abin da ya faru a ranar. Ki rubuta abin da suka ce ba tare da kare kanki ba, ki zaɓi abu ɗaya da za ki iya gyarawa kafin ƙarshen wata, ki gyara shi, ki koma ki gaya musu cewa maganarsu ce ta jawo gyaran. Bayan haka sai ki buga tallar.